Muryar da Ɗan Farina Ya Ji a Bakin Ruwa

A inda na tashi, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, na buɗe ido ne na ga haka ake yi. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunan yayanmu a bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce wa ɗaya daga cikinmu, je ki ce wa wancan ya zo. Da na haifi nawa, ranar suna ina ƙuryar ɗaki na jiyo an faɗi sunan a ƙofar gida, na ja mayafi na rufe fuskata. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. A ɗakinta ya girma, a bayanta ya yi barci, ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini yana ƙarami, da na sauke farali ya koma Hajiya. Ƙannensa duk Umma suke kirana.

Sunan nasa ba baƙon suna ba ne, kowace unguwa akwai masu shi. Amma ko mai kayan miya ne yake da sunan, sai in ce mai sunan yaron nan. Haka muka zauna har ya yi furfura a gemu. Ba na zama kusa da shi, ba na kallon tsakiyar idonsa, in magana ta kama sai in yi ta ina duban gefe. Ban taɓa jin cewa wani abu ya ragu ba. Shi ma ban ga alamar ya damu ba.

Ya zama likita, aiki ya kai shi Manchester. Bayan rasuwar mahaifinsu ya ɗauko ni na zauna da su a unguwar Levenshulme, shi da matarsa da 'yarsu guda. Gidajen layin a manne suke da juna, bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta, in sun yi tari muna ji. Autata kuma tana aure a Lozells, can Birmingham, nakan je in yi mata kwanaki in dawo.

Ni mutum ce mai yawan wasiwasi, kowa a gidan ya sani. Nakan idar da alwala in tsaya ina tunanin ko na shafi kunne, in koma in sake. Nakan kashe girki in hau sama, in sauko in duba ko na kashe. Karatuna bai wuce firamare ba sai islamiyyar matan aure, to abin da ban gane ba yawa gare shi, kuma duk abin da ban gane ba tsoro yake ba ni. Matarsa takan yi dariya ta ce, Umma ko mukulli aka ba ki ajiya sai kin rame.

A shekarar da nake ba da labari, wani yaro ya rasu a hannunsa a wurin aiki. An yi bincike mai tsawo, a ƙarshe aka ce ba shi da laifi. Amma binciken ya ƙare, shi bai dawo daidai ba. Ta tagar ɗakina nakan ga ya ajiye mota a bakin layi ya zauna a ciki, hannunsa a kan sitiyari, ya daɗe bai fito ba. Ya daina cin tuwo sai ya tsakura. 'Yarsa takan zo ta hau jikinsa tana yi masa surutu da Turancinsu na nan, sai ya shafa kanta kawai. Daga baya likitansa ya ce ya huta da aiki, aka ba shi magani. Ya koma zaman ɗaki.

Auta ta yi ta kirana a waya tana cewa in yi masa magana. Na ce ina yi masa addu'a. Ta ce addu'a daban, magana daban, in shiga ɗakin in zauna in tambaye shi abin da ke cinsa. Na ce ta san ba a haka. Ta ce mutum yana nutsewa ina maganar ba a haka. Da ta gaji ta yi sallama. Abin da na iya shi ne in dama kunun gyaɗa irin wanda Inna take yi masa, in ba matarsa ta kai.

Matarsa ce ta kawo shawarar tafiya. Ta ce an ce sauyin wuri yana taimako, kuma tun suna sabon aure yake cewa yana son ganin duwatsun Norway. Na ce su je, ni zan tafi wurin auta. Sai shi da kansa, yana tsaye a ƙofar kicin yana kallon ƙasa, ya ce a nema wa Hajiya takardar shiga, da ita za a je. Rabon da in ji ya nemi wani abu an daɗe, don haka ban musa ba.

Lokacin zafinsu muka je, amma ni jaket biyu na sa a kan atamfa. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne rana. Ba ta faɗuwa yadda na sani, sai ta yi ƙasa ta tsaya tana rarrafe a bakin duwatsu. Na rasa gane magariba da isha. Matarsa ta nuna mini lokuta a waya, na bi, amma raina bai kwanta ba, ina ganin kamar na yi salla kafin lokaci. Sai in sake.

Mun ɗauki motar haya, shi yake tuƙi. Hanya takan shige cikin dutse a yi ta tafiya a duhu, sai a ɓullo a ga teku ta shigo tsakanin duwatsu ta kwanta shiru, kore shar. Ina baya da jikata, ina jan carbi, ina kallon ƙeyarsa. Na ga ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wajen hantsi muka sha wata kwana, sai yarinyar ta buga gilashi tana nuna sama. Da farko na ɗauka farin ƙyalle ne aka shanya daga kan dutsen har ƙasa. Sai na ga yana motsi. Ruwa ne yake faɗowa daga inda wuyana ya gaza kaiwa, siriri daga sama, yana buɗewa yana saukowa, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi. Can bisa, a bayan bakin dutsen, akwai wani abu fari mai shuɗi-shuɗi a kwance. Matarsa ta ce ƙanƙara ce, tun kafin kakannin kakanninmu take nan, ba ta taɓa narkewa duka ba, gindinta ne yake tsiyaya ya zama wannan ruwan. Na ce ikon Allah. A raina kuwa na ce ruwan da ya daɗe haka a wuri ɗaya ba zai rasa masu shi ba, nan take kuma na yi istigfari.

Dalili shi ne, muna yara mukan bi kakata wanki a kogin da ke kusa da ƙauyenmu, ta wajen Wudil. Dokarta ɗaya ce, ba a kiran sunan mutum a bakin babban ruwa. Ta ce masu ruwan suna saurare, in suka riƙe suna, wata rana da kansu za su kira mai shi, kuma zai amsa. In ƙanena ya yi nisa sai dai a tafa masa hannu ko a jefa tsakuwa kusa da shi. Da na shiga islamiyya malama ta ce wannan camfi ne, mai imani ba ya riƙe shi. Na yarda da malama. Amma abin da aka zuba wa mutum yana yaro ba ya fita duka.

Akwai fili a gefen titi inda motoci ke tsayawa, da ɗan shago da banɗaki. Ko daga nan ana jin rugugin a ƙirji. Yarinyar ta ce fitsari take ji, uwarta ta ja ta suka bi layin wasu tsofaffin Turawa da suka sauko daga bas. Shi kuwa ya zura hannu a aljihu ya kama 'yar hanyar da ta hau wajen ruwan.

Na tsaya jikin mota ina shawara. Gwiwata ba ta son hawa. Kuma ban saba bin bayansa ba. Amma na tuna zamansa a mota a bakin layinmu, sai na ga ƙafata ta ɗauke ni. Na bar tazara tsakaninmu yadda in ya juyo zan iya cewa kallo na fito.

Hanyar duwatsu ce jiƙaƙƙu, gansakuka ta rufe su. Tun ban yi nisa ba feshin ruwan ya fara dukan fuskata, sanyinsa kamar ana tsira allura. Mayafina ya jiƙe ya manne a wuyana. Wasu samari biyu suka wuce ni suna saukowa, suna dariya, bakinsu yana motsi amma ban ji sautin komai ba. Daga su ban ƙara ganin kowa ba.

A ƙarshen hanyar an ja igiya tsakanin ƙarafa, da allo mai hoton mutum yana zamewa. Ko wanda bai yi boko ba ya san abin da ake nufi. Da na ɗago kai daga kallon inda nake taka, sai na gan shi a bayan igiyar. Ya tsallaka. Yana tsaye a kan wani baƙin falalen dutse mai sheƙi, gabansa ba komai sai farin hayaƙin nan da ramin da ruwan yake faɗawa. Hannayensa ba sa aljihu kuma, sun sauka a gefensa. Ba hoto yake ɗauka ba. Ba sama yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Na ce, kai. Ni kaina ban ji muryata ba. Na ce Likita. Na ce baban yarinya. Na tafa hannu, tafin ya mutu a hannuna. Na duƙa in ɗauki tsakuwa, sai na ga in na jefa ya firgita santsi zai kwashe shi. Na waiga, motoci sun zama ƙanana a ƙasa, ba mai jin ihuna. Da na juyo sai na ga ya matsa gaba kaɗan.

Mutum ko a cikin kasuwa yake, kunnensa yana tsinto sunansa. Na san haka. Na kuma san abin da kakata ta ce. Abu biyu suka riƙe mini harshe, kunyar da na rayu da ita da tsoron masu ruwa, ga shi kuma ba lokacin tunani. Na kama igiyar da hannu biyu, na cika ƙirjina da iskar nan mai sanyi, na kira sunansa.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ta fito a kaushashe, kamar ta wata tsohuwa da ban sani ba. Sunan kuma ya yi mini baƙo a baki, harshena bai san hanyarsa ba. Sau ɗaya na kira.

Kafaɗunsa suka girgiza. Bai juyo nan take ba, ya ɗaga kai ya kalli ruwan, ya kalli dama da hagu. Sannan ya ja da baya a hankali, ya juyo, ya gan ni. Kafin ya tsallako igiyar na riga na sake ta, na gyara mayafi, na mai da idona kan duwatsu. Ya zo ya tsaya kusa da ni fiye da yadda ya taɓa tsayawa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya sunkuyo saitin kunnena.

"Hajiya, kin ji an kira ni?"

Da a ce ya tambaya ko ni na kira, wataƙila da na gyaɗa kai. Amma ko a ransa bai kawo ni ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kamar an kama ni ba zane.

"Ni ban ji komai ba," na ce. "Ƙarar ruwa ce. Mu sauka, sanyi."

Ya daɗe yana kallon bayansa. Sannan ya miƙo hannu zai riƙe ni saboda santsi, na ce zan iya. Muka sauko, yana gaba ina baya. A mota matarsa ta yi ta faɗan mun jiƙe, ta zuba mana shayi daga fulas. Da muka hau titi na waiga ta gilashin baya. Ruwan yana nan yana zuba, fari, muka yi ta nisa yana bin mu da kallo har dutse ya tare shi.

Sauran kwanakin tafiyar ban san yadda suka wuce ba. Na yi ƙarya, wannan ɗaya. Na ba ruwa sunan ɗana, wannan biyu. In na tuna na biyun sai in ce camfi ne in yi istigfari, in na gama istigfarin sai tsoron ya dawo ya zauna inda yake. Abin da ya kai shi bayan igiya kuwa, ko a zuciyata ban yarda na tambaya ba.

Da muka dawo Manchester na kasa zama gida ɗaya da shi. In mun haɗu a matattakala sai in ga kamar zai gane. Na ce auta tana nemana, aka sa ni a bas na tafi Birmingham.

Ina Lozells har ganyen bishiyoyi ya fara ja. Wata rana bayan la'asar ina tsinke alayyafo a kicin, auta tana waya da matar yayanta a falo. Na ji muryarta ta sauka, ta tura ƙofa. Da ta fito idonta ya kaɗa. Ta ce jikin yayansu ya ƙi. Ya gaya wa matarsa cewa a wurin ruwan nan an kira sunansa, ya ji da kunnensa, muryar tsohuwa. Ya ce ya tambaye ni na ce ban ji ba, kuma ba kowa a wurin. Tun daga ranar, in ya buɗe ruwan wanka sai ya ji kamar za a sake kira, ya tsaya yana saurare har ruwan ya huce. Ya ce ɗayan biyu ne. Ko kansa ya taɓu ya fara jin muryoyi, in haka ne kuwa dole ya gaya wa likitocin da za su duba ko ya isa komawa aiki, don ba zai taɓa ɗan kowa da irin wannan kan ba. Ko kuma Inna ce take kiransa.

Inna ta daɗe a kabari. Kowa ya san abin da ake cewa in mamaci ya kira rayayye. Matarsa ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda ya faɗi na biyun, fuskarsa a sake, kamar wanda aka yi wa albishir.

Na ajiye alayyafon. Na ce wa auta ta zauna. Ina kallon tiren da ke cinyata na gaya mata cewa ni ce. Ban faɗi maganar igiya ba, na ce dai ya matsa kusa da ruwa na ji tsoro.

Ta zuba mini ido. Sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"Umma, ke? Da bakinki? To ashe kin san sunan. Mu da muke cewa ko an manta ba a gaya miki ba ranar suna."

Na ce ba lokacin wasa ba ne, ta kira shi ta gaya masa.

"Ni ce dai 'yar aike har yau. Tun ina 'yar mitsitsiya, je ki ce wa yayanku, je ki ce wa yayanku. Mutum da jika, ana kunyar ɗan fari a Ingila."

Duk da haka ta kira shi a gabana, ta sa yadda zan ji. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya yi ajiyar zuciya, muryarsa a gajiye, ba faɗa a ciki.

"Auta, na gode. Na san ke da matata kuka shirya wannan don hankalina ya kwanta. Amma ku nemi wata dabarar. Hajiya ko gobara ta tashi a gida ba za ta kama sunana ba. Kuma na san muryarta. Ba ita ba ce."

Auta ta ce ga ta nan kusa, ya tambaye ta. Ta miƙo mini wayar. Na kalli wayar, na ji ya ce, Hajiya, ina wuni. Na ce lafiya lau, ya jiki. Ya ce da sauƙi. Shi ke nan abin da ya fito. Auta ta karɓe wayarta ta fita daga kicin ɗin, ranar ba ta ƙara yi mini magana ba sai da za ta ba ni abinci.

Gaskiyarsa ce da ya ce ya san muryata. Muryar da ya sani ƙasa-ƙasa take, tana duban gefe. Wadda ya ji a bakin ruwa bai taɓa jin ta ba, kuma bai taɓa jin sunansa a cikinta ba. Na gane cewa ko na rantse masa da Alƙur'ani zai ce tausayi ne. Ba aike da zai yi, ba bayani da zai yi. Sai dai ya sake ji.

Washegari na ce a kai ni tasha. A bas na zauna jikin taga, gonaki da shanu suna wucewa, na ce bari in gwada a hankali yadda ba mai ji. Na buɗe baki, leɓɓana suka ƙi. Wata Baturiya da ke gefena ta miƙo mini alewa, ta ɗauka amai nake ji. Na yi ta tunanin uwata, da abin da za ta ce in ta ji. Na yi tunanin kakata. In har masu ruwa sun riƙe sunan, in na sake kira, su nake taya ko shi? Na yi istigfari. Na kuma yi tunanin wane ne zai amsa mini tambaya ranar gobe in yaron nan ya bi muryar da yake zaton ta Inna ce.

Na iso da rana. Matarsa ta buɗe mini ƙofa da mayafinta a hannu, za ta ɗauko yarinya daga makaranta. Ta rame ita ma. Ta ce yana sama, tun safe bai sauko ba. Na ce ta je, kada ta yi sauri.

Gidan ya yi tsit. Na ajiye jaka, na yi alwala, na tsaya ina tunanin ko na wanke gwiwar hannu, a karon nan ban sake ba. Na zo gindin matattakala na tsaya. Ƙunci gare ta, da jan kafet, ƙofar ɗakinsa tana sama daga dama, a rufe. Ta bango ina jin rediyon maƙwabta.

Na kira. Abin da ya fito raɗa ce, ko kyanwa ba za ta juyo ba. Na gane cewa in ba da ƙarfin ranar nan na yi ba, ba zai gane muryar ba. Maƙwabta za su ji, duk layin zai ji. Na kama ƙarfen matattakalar da hannu biyu, na rufe ido, na tuna baƙin dutsen nan da bayansa da hannayensa a sake. Na kira sunansa.

Rediyon maƙwabta ya yi shiru. Na ji wani abu ya faɗi a sama, na ji taku. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ya fito da jallabiya, ba hula, idonsa a waje, yana duban silin da bangon. Sai ya dubo ƙasa ya gan ni riƙe da ƙarfe, bakina bai gama rufuwa ba.

Ban kau da kai ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Na ga idonsa irin na mahaifinsa ne, da ɗan ja a gefe, ban taɓa lura ba. Ya zauna a matakin sama, ya dafe kansa.

"Na'am," ya ce.

Can ya sake cewa, "Ashe ke ce."

Na ce ni ce. Na ce can ma ni ce. Daga nan kunya ta dawo mini gaba ɗaya, na rasa inda zan sa kaina. Na ce tukunyar dambu tana saman kabad, hannuna ba ya kaiwa, ya zo ya sauko mini da ita. Ya sauko a hankali yana bin bango. Ya ɗauko tukunyar. Ya ajiye, ya tsaya a bayana. Ina jin numfashinsa. Na ɗauka zai yi magana a kan dutsen, na ɗauka ni zan yi. Sai muka ji mukulli a ƙofa da surutun yarinyar. Ranar ya ci dambu har ya nemi ƙari.

Ban san abin da ya gaya wa likitocin ba. Bayan wani lokaci ya koma aiki, da farko rabin yini. Har yanzu yana shan maganinsa. Wasu ranakun yana dariya da 'yarsa har su dame ni, wasu ranakun yakan daɗe a mota kafin ya shigo. Hajiya yake kirana kamar da, ni ma ban sake kama sunan ba. Auta ta ce in an yi sau biyu an yi sau dubu, in ci gaba kawai. Na ce ta bar ni.

Maganar igiya ba wanda ya tayar. Matarsa ba ta sani ba, auta ba ta sani ba, shi da ni ne kawai, kuma ba mu taɓa haɗa ido a kanta ba. Wani lokaci ina cewa kallo ne ya kai shi, maza suna son matsawa kusa da abu. Wani lokaci ina salla sai in ga dutsen a gaban dardumata, in rasa raka'a ta nawa nake.

Ruwan nan yana can yana zuba yanzu haka, ko da mai kallo ko babu, ƙanƙarar tana bisa tana tsiyaya. Na faɗi sunan ɗana a gabansa da iyakar ƙarfina. Na san camfi ne, na san ba mai kira sai Allah. Amma in ya shiga wanka na ji ruwa ya daɗe yana zuba, nakan bar abin da nake yi in je gindin matattakala in tsaya, sunan yana kan harshena, har sai na ji ya kashe famfo.